Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga iyayen 'yan aji shida na sakandare

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu maza da mata, alhazai da hajiyoyi, tare da kawunnai da goggonni da yayye masu riƙon yara, ina gaishe ku da ɗawainiya. Allah ya saka da alheri, ya sa ku ci moriyar wahalar da kuke sha. Ni malamin Kemistiri ne a wata sakandaren gwamnati a Kano, kuma na daɗe ina koyar da 'yan aji shida. Na rubuto ne a kan abin da nake gani a fuskokinsu kowace shekara da zarar an buɗe rajistar JAMB, jarrabawar neman shiga jami'a. Yaran nan suna gajiya, irin gajiyar da barcin dare ɗaya ba ya warware ta, kuma kaso mai yawa na nauyin da ke kansu daga gida yake fitowa, daga bakin mutanen da suka fi kowa ƙaunar su.

Ku fara da duba abin da ake ɗora wa yaro ɗan shekara 16 ko 17 cikin 'yan watanni. Tun yana aji biyar ya sha fargabar kwalifayin, domin a nan Kano ita ce ke raba wanda gwamnati za ta biya wa kuɗin NECO da wanda zai koma gida ya kalli idon mahaifinsa. Ya shiga aji shida, farkon shekara sai neman lambar NIN da bin layin rajista. Wajen Afrilu ya zauna JAMB. Kafin ya numfasa WAEC ta kankama, ta cinye Mayu da Yuni. Yana ajiye biro NECO na jiran sa har cikin Yuli, wasu ma su haɗa da ta NBAIS, hukumar jarrabawar Larabci da darussan addinin Musulunci. Bayan duk wannan akwai tantancewar jami'a. Mafi tsananin kuwa yana faɗowa ne a tsakiyar bazara, lokacin da zafi a Kano da Sakkwato da Maiduguri kan haura maki 40, ga ba wuta, ga sauro.

Yanzu ku bi yinin yarinya ɗaya daga cikin ɗalibaina, wadda na san akwai irinta a gidaje da yawa. Tana tashi da asuba, ta yi salla, ta biya haddarta, ta share tsakar gida, ta haɗa wa ƙannenta kumallo. Ƙarfe bakwai da rabi tana makaranta. Ana tashi ƙarfe biyu sai lesin, daga lesin sai Islamiyya har gab da magariba. Tana shigowa gida tukunyar tuwo na jiran ta, bayan tuwo wanke-wanke. Sai wajen goma na dare take samun buɗe littafin tambayoyin shekarun baya, da fitilar wayar mahaifiyarta, ta tsoma ƙafafunta cikin bokitin ruwa don kada barci ya sace ta. Wata ƙawarta ta koya mata zuba Nescafé cikin lemon kwalba. Washegari ina tsaye gaban allo ina bayani, idonta a buɗe yake, amma da na kira sunanta sai ta zabura kamar an tashe ta. Na namiji bai fi nata sauƙi ba: shi daga makaranta sai shagon babansa a Kwari ko Sabon Gari, ya dawo ya ci goro ya kwana kan littafi.

Da yawanku kuna ganin wannan kwana zaune shi ne alamar ƙwazo, har a yi wa yaro faɗa idan aka leƙa ɗaki ƙarfe goma sha ɗaya aka tarar ya kwanta. Likitoci kuwa sun ce matashi mai waɗannan shekarun yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10, kuma a cikin barcin ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka karanta da rana. Duk mahaddacin Alƙur'ani ya san haka ko ba a gaya masa ba: shafin da aka biya da daddare aka kwanta, da asuba ake samun sa ya zauna. Wanda ya kwana yana gyangyaɗi a kan littafi, lokacinsa kawai ya ƙona. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, da ya ji wani sahabi yana azumi kullum yana kwana salla, cewa ya yi da shi jikinsa yana da haƙƙi a kansa, idonsa ma yana da haƙƙi a kansa. Idan an faɗi haka a kan ibada, ina ga JAMB?

Bari in gaya muku yadda jarrabawar take, domin da yawa cikin masu yanke wa yaro hukunci a kanta ba su taɓa ganin ta ba. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40-40 na sauran darussa uku. Idan aka raba, kowace tambaya daƙiƙa 40 take da ita, har da lissafin Fiziks da dogon rubutun Turanci da sai an karanta kafin a amsa. Tun 2015 a kwamfuta ake yin ta gaba ɗaya. Ina da ɗaliban da ranar jarrabawar ce ranar farko da suka zauna gaban kwamfuta su kaɗai, bayan an ce su hallara tun ƙarfe shida da rabi na safe a wata unguwa da ba su taɓa zuwa ba, an yi ta fama da na'urar ɗaukar hoton yatsa. Yaro ya san amsa sarai, amma hannunsa na rawa yana neman inda zai danna ya wuce tambaya ta gaba, agogo kuma na ci a kusurwar allon.

Ga abin da ya fito a 2025. Ɗalibai sama da miliyan 1.9 suka zauna, fiye da miliyan 1.5 daga cikinsu ba su kai maki 200 cikin 400 ba. A sakamakon farko da aka fitar, waɗanda suka kai 300 a duk faɗin Najeriya ba su cika 13,000 ba. To Alhaji, lokacin da ka ce wa ɗanka in bai kawo 300 ba kada ya nuna maka fuskarsa, ka san cikin 'yan tsirarun da kake neman ya shiga? Kuma lokacin da ya kawo 190 ka kira shi daƙiƙi a gaban ƙannensa, ka san cewa cikin kowane yara huɗu da suka zauna, uku ba su kai 200 ba?

Shekarar ta 2025 ta koya mana wani abu da ya kamata kowane uba ya riƙe. Bayan sakamakon ya fito an yi ta kuka da ƙorafi, manya suna cewa yaran zamani ne ba sa karatu, sai waya. Ranar 14 ga Mayu shugaban JAMB na lokacin, Farfesa Is-haq Oloyede, ya zauna gaban 'yan jarida ya amsa cewa tangarɗar na'ura ta ɓata sakamakon ɗalibai 379,997 a santoci 157 na Legas da jihohin kudu maso gabas. Har hawaye ya zubar, aka sake musu jarrabawa. A kwanakin da ke tsakani Allah kaɗai ya san yaran da aka zaga, da waɗanda aka daina yi wa magana a gida, a kan makin da ba nasu ba. A cikin kwanakin ne jaridu suka ruwaito wata yarinya 'yar shekara 19 a Legas ta hallaka kanta bayan ta ga makinta. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. WAEC ma ba ta tsira ba. Ranar 28 ga Mayu takardar Turanci ta yi jinkiri har a wurare da dama yara suka rubuta ta cikin dare da tocilan, iyaye na tsaye a bakin ƙofa. Da Agusta ta zo hukumar ta ce kashi 38.32 cikin ɗari ne suka sami kiredit biyar har da Turanci da Lissafi. Bayan 'yan kwanaki ta dawo ta ce an yi kuskure wajen duba amsoshi, adadin gaskiya kashi 62.96 ne. Dubban ɗaruruwan yara ke nan da aka fara ce musu sun faɗi alhali sun ci. Hukumomin sun ba da haƙuri, kuma na yaba musu da suka iya buɗe baki. Abin da ban ji ba shi ne labarin uban da ya kira ɗansa ya ce masa, yi haƙuri, na zalunce ka.

Sai batun likita. A ajina na kimiyya, idan na ce wa ke son zama likita, kusan kowa sai ya ɗaga hannu. Idan na keɓe su ɗaya bayan ɗaya, sai in ji wata magana dabam: Baba ne ya ce, Umma ce take so, ai tun ina firamare ake ce min Dokta. Wata tana son aikin jarida, wani hannunsa na zane kamar me, wani lissafin kuɗi ne a jininsa, amma tun aji huɗu aka tura su ajin kimiyya saboda a gidansu ana ganin ajin Art na marasa ƙoƙari ne. Ba laifi ba ne ku so 'ya'yanku su zama likitoci, musamman mata, kowa ya san ƙarancinsu a asibitocinmu. Sai dai ku san yadda ƙofar take. Kowace jami'a akwai adadin ɗaliban likitanci da hukumar kula da aikin likita ta yarje mata ta ɗauka, ba ta da ikon wuce shi, masu nema a Bayero da Ahmadu Bello kuwa dubbai ne. Mafi ƙarancin makin da aka sanar na shiga jami'a a 2025 shi ne 150, amma wannan ƙofar waje ce kawai. Yaro kan ci sama da 250 ya rasa likitanci. A jami'o'in tarayya ma kason gurbin a rabe yake: kashi 45 na cancanta, 35 na 'yan jihohin da ke yankin jami'ar, 20 na jihohin da ake ganin an bar su a baya a ilimin boko. Wanda bai san wannan ba sai ya sa yaro ya zaɓi jami'ar da ba ta yankinsa, a kwas ɗin da ya fi kowane cunkoso, sannan ya ɗora masa laifi. Makin JAMB kuma shekara ɗaya yake aiki. Na ga yaran da suka yi shekara uku suna maimaita ta saboda an ce likita ko ba komai, abokan karatunsu da suka karɓi wani kwas ɗin har sun kusa gamawa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne barazanar da ake haɗawa da ita. A ce wa yarinya, in ba ki ci bana ba, aure za a yi miki. Aure abin alheri ne, sunna ce, don me za a mai da shi bulala? Yarinyar da ta shiga ɗakin jarrabawa da wannan magana a kunnenta, rabin hankalinta ba ya kan takarda. A ce wa namiji, kuɗina ba za su sake tafiya a banza ba, kasuwa za ka koma. Ko a yi ta auna shi da ɗan maƙwabci, ko da ɗan kishiyar uwarsa, wanda wannan ya fi kowanne zafi, domin yaron ya san faɗuwarsa gorin da za a yi wa mahaifiyarsa ne. Na san kuɗin da wuya ake samun su. Na san wasunku sai da suka sayar da akuya ko suka ɗauki adashi kafin su biya kuɗin WAEC. Yaron ma ya sani, yana ganin ku, kuma sanin nan shi ne yake hana shi barci. Ba ya buƙatar a riƙa tuna masa a kan kowace loma.

Ina roƙon ku ku sa ido a kan alamomi. Yaro mai surutu ya koma shiru. Ciwon kai kullum, ciwon ciki da ake ta ce wa olsa, rashin cin abinci, kuka ba dalili, faɗa da ƙanne a kan abin da bai kai ya kawo ba. Wani zai yi awa uku da littafi a buɗe bai juya shafi ba. Wata za ta yanke jiki ta faɗi a layin taron safe. Mu a gida fassara biyu muke yi wa wannan: ko mu ce lalaci ne da iskanci, ko mu ce shafar aljanu ce ko kambun baka. Ku yi addu'a, ku yi tofi, babu mai hana ku, ni ma ina yi wa nawa. Amma ku haɗa da zama da yaron ku tambaye shi abin da ke damun sa, ku yi shiru ku saurara ba tare da kun katse shi da wa'azi ba. Idan abin ya ɗauki makonni, ku kai shi asibiti. Idan kuwa kuka ji ya ce gara ya mutu ya huta, ko ya ce shi ba shi da amfani a duniya, kada ku ce shirmen yara ne, kada ku bar shi shi kaɗai, a ranar ku nemi likita. Akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a manyan asibitocinmu na koyarwa, akwai asibitin Dawanau a Kano, da na Barnawa a Kaduna, da na Kware a Sakkwato, da na Maiduguri. Zuwa can ba ya nufin hauka. Ku kuma lura da ƙwayoyin da ake ce wa na hana barci ko na ƙara kaifin ƙwaƙwalwa. Yara da yawa da suka faɗa shaye-shaye ta wannan ƙofar suka shiga, da niyyar karatu.

Akwai kuma masu ganin sun samo wa yaro sauƙi ta hanyar kai shi santocin nan da ake biyan kuɗi mai kauri a rubuta amsa a kan allo. Ban da haramcin abin, WAEC ta riƙe sakamakon ɗalibai sama da 190,000 a 2025 bisa zargin maguɗi. Wanda ya tsallake kuma sai ya je jami'a da takarda mai ƙyalli, a zangon farko a gane babu komai a ƙasa, ya shiga wata sabuwar damuwar da ta fi ta baya. Mu malamai ma akwai namu a cikin wannan harka, kuma duk malamin da ya karɓi kuɗin iyaye don ya shigar da amsa ya ci amanar allon da yake tsayawa a gabansa.

Haka gaggawar nan ta tsallakar da yara aji. A cire yaro daga aji huɗu na firamare a kai shi sakandare, a sa shi ya zauna WAEC yana aji biyar, don a ce ɗan wane ya shiga jami'a yana shekara 14. An yi ta ja-in-ja a 2024 kan ko a mai da shekarun shiga jami'a 18, daga baya aka tsaya a kan 16, wanda bai kai ba kuma sai ya ci aƙalla maki 320 a JAMB kafin a ma saurare shi. Gaggawar me ake yi? A ƙasar da yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, na 2022 kaɗai ya cinye wata takwas, shekara ɗaya da yaro zai ƙara ya nuna ba ita ce za ta tsufar da shi ba.

Hanyar jami'a kuma ba guda ɗaya ba ce, ko da yake mun mai da ita haka. Akwai IJMB, jarrabawar share fagen digiri da Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da ita, wadda ake yi a wurare irin su kwalejin CAS ta Kano, mai ci ya shiga aji biyu na jami'a kai tsaye. Akwai makarantar share fagen shiga jami'a ta Funtuwa. Mai difloma ta kwalejin kimiyya da fasaha ko mai NCE shi ma yana da damar shiga aji biyu. Akwai makarantun koyon aikin jinya da ungozoma da na kiwon lafiya, waɗanda ɗalibansu kan riga masu digiri da yawa samun abin yi. Wanda Turanci ko Lissafi ya kayar yana iya gyarawa a jarrabawar ƙarshen shekara, kuma kwasa-kwasai da yawa suna karɓar sakamakon zama biyu. Ku zauna da yaro ku yi wannan magana tun kafin jarrabawa, ba bayan ta ba. Abin da na lura da shi a aji shi ne, wanda ya san akwai wata ƙofar idan wannan ta rufe, shi ya fi nutsuwa, kuma sau da yawa shi ya fi cin maki.

A cikin gida abin da nake nema bai da tsada. Daga Maris zuwa Yuli a rage wa 'yar aji shida aikin girki, a raba shi tsakanin sauran, a ɗaga wa namiji ƙafa daga shago. A yi magana da malamin Islamiyya, galibinsu masu fahimta ne, a sassauta hadda zuwa bayan jarrabawa ba tare da an yanke ta ba. Lesin ɗaya mai kyau ya isa, uku ɓarnar kuɗi ce da lafiya. A bar yaro ya buga ƙwallonsa ranar Juma'a da yamma, a bar yarinya ta je gidan kakarta ta sha hira. Ranar jarrabawa a raka shi idan da hali, ya karya kafin ya fita. Ranar da sakamako ya fito kuma, kome ya kawo, kada a yanke hukunci a wannan daren, kada a buga wa dangi waya ana shela.

Sauran aikin na makaranta ne da gwamnati, kuma ku ne kuke da bakin da za a ji. Malami idan ya matsa da tambaya sai a yi masa canjin wurin aiki zuwa inda mota ba ta zuwa. Uba kuwa babu mai canja masa gida. Manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi malamin ba da shawara a makarantun sakandare, amma a wurare da yawa suna ne kawai a jikin ƙofa, an ba wani malamin da ke da darussa cike da mako. Idan an kira taron iyaye da malamai ku zo da kanku, kada ku aiko yaro da uzuri. Ku tambayi shugaban makaranta wane ne mai ba ɗalibai shawara kan zaɓen kwas, kuma yaushe yake zama da su. Ku tambaya sau nawa 'yan aji shida za su taɓa kwamfuta kafin Afrilu, in babu a makarantar a haɗa kuɗi kaɗan a kai su wata santa su gwada. Ku tambaya ko an gama manhajar darussa, domin wani lesin da ake karɓar kuɗinku a kansa aikin da ya kamata a yi da safe ne. Ku kuma tura wakilanku su tambayi ma'aikatar ilimi ko an biya NECO kuɗinta a kan lokaci, domin an sha riƙe sakamakon ɗalibai a jihohinmu saboda bashin gwamnati, yara suna zaune a gida wa'adin jami'a yana wucewa.

Allah ya raya mana su, ya ba su sa'a, ya ba ku ikon sauke nauyinsu.

Wassalam.

Naku,
Wani malamin aji shida,
Kano.